Tsakanin "Ba Ta" da "Ɓata"

Saura kwana ashirin da shida zaɓe

Zuwa ga 'Yar Jan Biro,

Assalamu alaikum. Ina fata takardar nan ta same ki lafiya, aiki kuma bai raba ki da cin abinci a kan lokaci ba. Mu nan lafiya lau. Gwiwata ta yi sauƙi tunda na ajiye taurin kai na karɓi sanda. Kunne kuwa yana nan inda injin buga jarida ya bar shi. Shekara talatin da ɗaya ina gyaran rubutu bango ɗaya da injin nan, yanzu likita ya ce na dama ya yi ritaya, na hagu yana aikin wucin gadi. Saboda haka kada ki gaji da takarda. In kin kira waya, "na'am, na'am" kawai za ki sha. Direban da ke ɗaukar mana saƙo yana nan yana zuwa wajenku Talata da Juma'a.

Ga abin da ya sa na rubuto. Jiya da hantsi Innarki ta shigo da wayarta a hannu, ko mayafi ba ta gyara ba, ta tsaya saitin kunnena na hagu ta ce, "Yaya, zo ka ga mutumin da ya rufe muku jarida. Yau Allah ya kama shi da bakinsa!"

Bidiyo ne na daƙiƙa tara. Tsohon Alƙali ne a kan dandamali yana neman shugabancin ƙasa, a ƙasan hoton kuma an rubuta: "kasar nan zan bata". Babu ƙugiya ko ɗaya a kan baƙaƙen. Innarki ta karanta, "Ƙasar nan zan ɓata," ta riga ta tura wa duk matan da ke cikin wayarta.

Ƙugiyar farko ba gardama, ƙasa ce. Ta biyun ce ta hana ni zama. Leɓe ba ya bambanta b da ɓ, na san wannan domin da leɓen mutane nake ji yanzu. Amma na sa ta maimaita mini sau biyar, kuma duk sau biyar ɗin bidiyon ya ƙare bakinsa a buɗe, hannunsa a sama. Wanda ya gama magana yakan rufe baki. In "ba ta" ya ce, to akwai abin da zai ba ta, an yanke shi kafin ya faɗa.

Innarki ta ce ita da kunnenta ta ji. Na ce ta rufe ido ta sake saurara. Ta saurara, ta ce iska da tafi sun yi yawa, "amma ai ga shi nan a rubuce."

Ke ce kike aiki a ofishin yaɗa saƙon ɗan takarar da ke karawa da shi, kin fi ni sanin inda ake samun irin waɗannan abubuwa. Ki nemo mini cikakken jawabin, ki rubuto mini jimlar tun daga farko har aya. Ko wane ne ya yi rubutun nan, bai taɓa zama kusa da mai gyara ba.

Ki gai da abokan zamanki.

Kawunki


Saura kwana ashirin da biyu

Kawu,

Wa alaikumus salam. Na ji daɗin labarin gwiwa. Sandar nan da tuni aka karɓe ta, da ba a sha wahalar bara ba, amma wa ya isa ya faɗa maka? Ni lafiya, sai mura da fankar ofis ta sa mini.

Kawu, wadda ta yi rubutun nan ta zauna kusa da mai gyara. Shekara shida ta yi tana zama a gefen teburinsa tana sace masa jan biro.

Bari in faɗa maka yadda aka yi kafin ka ninke takardar. Mu goma sha huɗu ne a ɗaki ɗaya a hawa na uku. A tsakiya akwai dogon tebur da wayoyi sun fi arba'in a jere, kowace da wayar cajinta kamar marasa lafiya ana yi musu ƙarin ruwa. Aikina shi ne in sa abin ji a kunne, in saurari jawabin abokan hamayya, in buga abin da suka ce da sauri don masu mayar da martani su samu abin kamawa. Na'urar da nake bugawa da ita ba ta da baƙaƙe masu ƙugiya, kuma ba wanda ya taɓa tambaya. Ranar nan abin da na buga shi ne: "kasar nan zan bata abinda ta dade tana jira". Cikakkiyar maganar ke nan, ka samu amsarka. Ba ta ya ce. Ruwa da wuta da makaranta ya lissafa bayan haka.

Layin ya karye a kan allo daidai bayan "bata". Akwai wani mai yanka bidiyo da muke kira Almakashi, yana wucewa ta bayana da kofin shayi, ya tsaya ya karanta, ya fashe da dariya har shayin ya zube masa a takalmi. Ya ce, "Malama, kin san abin da kika haifa kuwa?" Ya kira shugabar sashenmu. Anti Yanzu-Yanzu muke ce mata, don ba ta taɓa ba da umarni ba tare da kalmar nan ba. Ta duba, ta ce, "Yanke daga nan. Sa rubutun yadda yake, kada ka taɓa shi. A sake shi yanzu-yanzu."

Na ce, "Anti, ba haka ya ce ba."

Ta ce, "Mu muka ce ya ce? Mun rubuta ɓ? Nuna mini inda muka rubuta."

Kafin la'asar wayoyin nan arba'in sun tura shi ta shafuka daban-daban. Yau mutum miliyan biyu sun kalla. An yi masa waƙa. Jiya a motar haya kwandasta ya ce wa wani fasinja, "Sauka, kada ka zan-ɓata mana mota," kowa ya yi dariya, ni ma na yi.

Amma Kawu, a yi adalci. Ni ban yi ƙarya ba, bugawa na yi yadda kowa yake bugawa a waya. Su ma can ɓangaren, makon jiya suka haɗa hoton ɗan takararmu a gadon asibiti, alhali yana filin taro a tsaye. Ba wanda ya gyara. Nan ba jarida ba ce, kasuwa ce, wanda ya fi ɗaga murya shi ake ji. Kuma mutumin nan shi ne ya sa hannu aka rufe jaridarku wata uku, ina ƙarama amma na tuna yadda ka riƙa zama a ƙofar gida da rana tsaka. Yau kai ne lauyansa?

An matsar da teburina kusa da taga. A ɗakinmu wannan lambar yabo ce.

Ka gai da Inna. Don Allah kada ka faɗa mata tukuna.

'Yarka


Saura kwana goma sha tara

'Yar Jan Biro,

Sallama da fatan murar ta sake ki. Ki riƙa ɗaura ɗankwali har kunne in fankar tana kanki. Mu lafiya. Ban faɗa wa Innarki ba.

Na karanta takardarki sau biyu, ban ninke ta ba. Na gode da kika faɗi gaskiya ba tare da na matsa ba. Zan biya ki da tawa.

Shekarata ta huɗu a jarida, ma'aikatan masaƙa suka shiga yajin aiki, aka kama wasu daga cikinsu. Wakilinmu ya kawo labari da kanu kamar haka: "Shugaban ma'aikata ya ce a daure." Haƙuri mutumin yake ba su. Ni kuwa lokacin ina ji da kaina, na saba wakilai suna zubar da ƙugiya kamar gyaɗa a buhu mai huji. Na ga ana maganar kame, na ce ai ɗauri ake nufi. Na ɗauki jan biro na lanƙwasa wa d ɗin kai. Ban tashi na tambayi wakilin ba, alhali tsakanina da teburinsa taku goma ne. Washegari gari ya karanta cewa shugaban ma'aikata ya ce a ɗaure. Kafin azahar mutanensa sun yi wa gidansa ruwan duwatsu.

Gyaran ya fito bayan kwana huɗu, a shafi na goma sha ɗaya, ƙarƙashin tallar taya. Ranar mutumin ya zo ofis da filasta a goshi, ya tambayi wanda ya duba shafin. Aka nuna ni. Bai ɗaga murya ba. Ya shimfiɗa jaridar a teburina, ya ɗora yatsa a kan ƙugiyar ya ce, "Malam, wannan ɗan abin ne?" Na ce shi ne. Ya ce, "Ashe ƙarami ne." Ya fita. Bai sake cin zaɓen ƙungiya ba.

Na ba ki labarin nan ne saboda telan bakin layinmu, wanda ya ɗinka miki kayan makaranta tun daga aji ɗaya. Hoton Tsohon Alƙali yana manne a shagonsa. Shekaranjiya samari suka fasa masa gilashi, suka rubuta "ZAN ƁATA" da baƙin fenti a ƙofar. Su ba su manta da ƙugiyar ba. Innarki ta aika an karɓo ɗinkinta ba a gama ba, ta ce ba za ta sa kayan maɓarnata ba. Shekara ashirin suna gaisawa.

Kin ce ba ki yi ƙarya ba. Ranar da kika buga, gaskiya ne, kuskure kika yi. Amma tun daga ranar da kika san yadda ake karanta shi kika yi shiru, sunan abin ya canja. Kin ce su ma sun yi. Na yarda. Hoton asibitin nan in kin samu wanda ya haɗa shi, ki ba ni adireshinsa, ina da takarda da yawa.

Batun lauya kuma: ba zan zaɓi Tsohon Alƙali ba ko shi kaɗai ya rage a takardar ƙuri'a. Ina so ya faɗi. Amma ina so ya faɗi a kan abin da ya yi da abin da ya ce, kuma suna da yawa. In an kayar da shi da maganar da bai yi ba, gobe da ita za a kayar da wanda muke so, ba mu da bakin kuka.

Na haɗo miki da wata takarda daban. Ga abin da ke ciki, ko da ta faɗi a hanya:

"Gyara. A bidiyon da muka yaɗa, an yanke maganar Tsohon Alƙali kafin ya ƙarasa. Abin da ya ce shi ne: Ƙasar nan zan ba ta abin da ta daɗe tana jira. Bai ce zai ɓata ta ba. Kuskuren namu ne. Ga cikakken jawabin."

Ki kai wa shugabarku hannu da hannu. A sake shi ta wayoyin nan arba'in da suka saki na farkon, kafin zaɓe, ba bayansa ba. Na san abin da wannan zai iya jawo miki, na kuma san wata goma kika yi kina neman aikin nan. Ban ce abu ne mai sauƙi ba.

Ina jiran amsa ranar Juma'a.

Kawunki


Saura kwana tara

'Yata,

Sallama. Muna lafiya, ina fata ke ma haka.

Kwana bakwai ke nan da saƙonki ya shigo ƙaramar wayata. Na kwafe shi a nan yadda yake: "Kawu na bata takardar. Sai na rubuto." Tun daga nan Juma'a ta wuce, Talata ta wuce. Sau biyu ina zuwa tasha da sandata, direba yana ganina yana buɗe tafin hannu tun daga nesa. Shekaranjiya Innarki ta shigo da murna, wai kin ce mata an ƙara miki girma, ke ce yanzu shugabar masu buga jawabi. Sai na gane saƙon sosai.

Da kin mayar mini da takardar ta hannun direba, da ya fi mini. Ba sai kin ɓata ta ba. Jimla biyar ce, ba ta cizo.

Ba zan yi miki wa'azi ba, kin girma, kin zaɓa. Innarki ba za ta ji daga bakina ba. Amma abin da na sani ba zan zauna a kansa ba. Na sayi babban kwali, na rubuta cikakkiyar jimlar da manyan baƙaƙe, kowace ƙugiya a wurinta, na kafa a gefen ƙofar tela da izininsa. An yage na farko, na kafa na biyu. Na sayi kwali goma, kwana tara suka rage, akwai rarar ɗaya.

Wani yaron kirki ya tambaye ni ina hujjata. Na ce ba ni da bidiyo, ina da wadda ta faɗa mini. Ya ce wace ce? Na yi kamar kunnen ne.

Allah ya sanya alheri a sabon matsayi.

Kawunki


Saura kwana biyar

Kawu,

Ina gaisuwa. Lafiyata ƙalau, murar ta tafi. Takardarka ta zo jiya, na karanta ta a tsaye a tasha, na zauna a kan wani benci na sake karantawa. Da farko kuka ya zo mini. Da na kai ga saƙon da ka kwafe sai dariya ta ƙwace, har wata mai sayar da ruwa ta tambaye ni ko lafiya.

Kawu, na BA TA takardar. Anti Yanzu-Yanzu na ba. Kai ma ka sa ƙugiya inda babu.

Laifina ne da na haɗe kalmomin, a matattakala na buga ina sauri. Amma kai da ka tsayar da bidiyo sau biyar don ka yi wa mutumin da ya rufe maka jarida adalci, ni ko sau biyu ba ka karanta ni ba?

Ga yadda aka yi. Na shiga ofishinta na ajiye takardar. Ta karanta, ta ce, "Wa ya rubuta wannan? Hausar nan ta girme ki." Na ce kawuna ne, tsohon mai gyara a jarida. Ta ce, "Allah sarki, zamanin da ake jiran gobe kafin a ji labari." Ta ninke ta ta sa a ƙarƙashin wayarta, ta ce in ba ta lokaci ta duba. Karo na farko ke nan da na ji ta ce wani abu ba yanzu-yanzu ba.

Bayan kwana biyu aka ƙara mini girma. Abin da Inna ta faɗa maka gaskiya ne. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi, kuma shi ya sa ban rubuto ba. Kwana huɗu na yi ina ce wa kaina tana dubawa. Na san ba ta dubawa. Tuwon toshiyar baki aka ba ni, ina ci ina jin kunyar ɗaukar biro.

Rana ta biyar na koma. Na ce, "Anti, maganar gyaran fa?"

Ta ce, "Bayan zaɓe. Ni da kaina zan sa hannu."

Na ce, "Bayan zaɓe ai ta'aziyya ce."

Ta cire tabarau ta ce, "'Yan mata, zauna. Kina tsammani in mun gyara za su ce mun kyauta? Cewa za su yi mun amsa mu maƙaryata ne, su haɗa da duk abin da muka taɓa faɗa na gaskiya. Ki kayar da mutum goma sha huɗu da ɗan takara saboda wutsiyar harafi?"

Ba wauta ta faɗa ba, Kawu, shi ya sa abin ya yi nauyi. Na ce, "A layinmu an fasa wa tela gilashi saboda wutsiyar nan." Ta ce Allah ya mayar masa da alheri, ta ɗauki waya.

Da aka tashi cin abincin rana na sauko bakin titi. Na sa cikakken bidiyon a shafina, mai sunana da hotona. Na kwafe gyaranka, na canja kalma ɗaya, ka yi haƙuri: inda ka ce "namu" na ce "nawa", na ƙara da cewa ni na buga rubutun. Ƙugiyoyin sai da na nemo su ɗaya bayan ɗaya, ashe suna nan cikin wayar, dannawa ake yi a riƙe. Wannan ya faru kwana ɗaya kafin ka rubuta takardarka mai sanyi. Ina so ka san haka. Ba faɗanka ne ya sa ni ba.

Kafin in gama hawa bene katin shigata ya daina buɗe ƙofa. Almakashi ne ya sauko mini da jakata da kofina. Ya ce, "Malama, kin ɓata." Na ce, "Da ƙugiya ko babu?" Ya yi dariya, amma bai iya kallon idona ba.

Yanzu lissafi. Na farkon ya kai miliyan biyu da rabi. Nawa, yau da safe, dubu goma sha ɗaya. Mutanenmu sun ce an saye ni, har farashina sun faɗa. Mutanen Alƙali sun ɗauka suna yaɗawa, amma rabinsu zagina suke yi don ni na buga tun farko, kuma suna da gaskiya. Wata ta rubuta cewa bidiyon gyaran ne na bogi. Wani dattijo ya rubuta, "Na tura na farkon wa mutum talatin, yanzu na bi su ɗaya-ɗaya." Shi nake karantawa in hannuna ya gaji.

Ba na zaune. Duk inda na ga an sa guntun, ina liƙa cikakken a ƙasa, ba na zagi, ba na amsa zagi. Gidan rediyo biyu sun ce ba sa son shiga, na uku sun ce in zo gobe da safe, minti uku za su ba ni. Zan je.

Na tura wa Inna bidiyon amma ban kira ta ba, na kasa. Ka faɗa mata komai, har da aikin, har da cewa hannuna ne. Nauyinka take ji.

Ka rage zuwa tasha da gwiwar nan.

'Yar Jan Biro


Gobe zaɓe

GYARA. A wasiƙarmu ta kwana tara kafin zaɓe mun rubuta cewa 'yarmu ta ɓata takardar da muka aika mata. Ba haka ba ne, ba ta ta yi ga wadda aka ce ta ba. Mun karanta da zuciya, ba da ido ba, kuma ba mu tambaya ba. Kuskuren namu ne. Muna neman afuwa.

Na sa shi a sama, kafin sallama, don na yi alkawari tun ina saurayi cewa gyarana ba zai sake zama a shafi na goma sha ɗaya ba.

To, assalamu alaikum, 'Yar Jan Biro. Muna lafiya. Gwiwa ta ɗan yi ƙorafi, na ce ta jira jibi.

Na yi ta tunanin yadda aka yi na faɗa ramin da na nuna wa kowa. Amsar ba ta da daɗi. Na riga na yanke miki hukunci saboda shirun, sai idona ya kawo mini ƙugiyar da zuciyata ta aika a nemo. Haka Innarki ta yi wa Alƙali, haka miliyan biyu da rabi suka yi. Na daina ganin kaina a wani layi daban da su.

Na faɗa wa Innarki komai. Ta saurara har ƙarshe. Sannan ta ce, "Aikin ya tafi ke nan?" Na ce ya tafi. Ta ce, "Ita ta buga, ita ta gyara?" Na ce haka ne. Ta tashi ta ɗauko ɗinkin nan da ba a gama ba, ta ce in biyo ta. A shagon tela ta kunna masa cikakken bidiyon, ta tsaya har ya ƙare, ta ce ya yafe mata. Ya ce, "Hajiya, ni ai na san bai ce ba. Gilashin ne bai sani ba." Ya karɓi ɗinkin ya sake gwada tsawon hannu.

Da muka dawo ta yi saƙon murya ga matan wayarta. Sau huɗu tana gogewa. Na ƙarshen, yadda ta maimaita mini a kunne, cewa ta yi: "Ni na turo muku, ni nake janyewa. 'Yata ce ta yi kuskuren, ita ta gyara, ta rasa aikinta a kai. Wadda ta tura wancan ta tura wannan." Wata ta amsa cewa an saye mu gida guda. Innarki ta ce mata da an saye mu da ta ga sabon labule. Sun ji ki a rediyo, an ce muryarki ba ta yi rawa ba. Ni na kalli akwatin kawai.

Ba na tsammanin mun juya ƙuri'a mai yawa, kuma ban san wanda zai ci ba. Gobe da safe zan je rumfa, zan dangwala wa ɗan takarar da ofishinsa ya kore ki daga aiki, don har yanzu shi na fi yarda da shirinsa. Tela zai dangwala wa Alƙali. Mun shirya tafiya tare, shi zai riƙe mini kujerar ninkewa.

Ba ni da aikin da zan yi miki alkawari. Ki zo gida in an gama, ɗakinki yana nan, mu zauna mu duba. A cikin ambulan ɗin nan akwai jan biron da na ƙwace daga hannunki kina aji uku. Na gwada shi, ya bushe, na sa masa sabon ciki. "Nawa" ɗin da kika sa ya fi "namu" ɗina daidai, wanda ya gyara mai gyara kuwa shi ke riƙe biro.

Ki fara da wannan takardar. Ido ya tsufa, ba za a rasa wani abu ba.

Kawunki